Koren Gwangwani a Hannun Dama

…kuma ba ni na ce a kawo maganin gwangwani biyu ba, Sala. Wannan ki fara riƙe shi kafin ki ɗaure min fuska daga can Kumasi, inda kika tafi gaisuwar mako biyu yau shekara biyu. Ni na ce? Da ɗaya suka ba mu, da tuni kowa na gidansa da hannuwansa sumul. A'a, sai biyu. Mai jan murfi, mai koren murfi. Wannan na wannan hannu, wancan na wancan, kada a haɗa, kada a musanya, kada a sam wa maƙwabci — haka Sumaila ya karanto mana ranar farko, ma'aikacin asibitin nan da ke yi wa Dokta tafinta, da Hausarsa ta Tamale mai tafiya tana ɗingishi…

Benci ya cika. Alhamis ta ƙarshe, kowa ya zo. Mu ashirin da biyu, daga Nima, daga Mamobi, mutum uku daga unguwar Lagos Town, dukanmu masu kirci a hannu — cutar nan da ke tsattsage fata tana ƙaiƙayi kamar an sakar wa mutum tururuwa a jini. Ni ne lamba goma sha bakwai. Ni. Osumanu Wanzam, Bagobiri, wanda rabin mazan Nima suka girma da kansu a tsakanin tafukansa, an mayar da ni goma sha bakwai, a bayan wani mai gadin kanti da ko gaisuwa bai iya ba.

An kira lamba tara.

Gwaji ne, ba a ɓoye mana ba. Ɗayan gwangwanin magani ne sabo da ya zo ta jirgin ruwa, ɗayan man banza ne, irin wanda za ki shafa wa takalmi. Wanne ne wanne? Dokta da kansa bai sani ba. Kin ji? Likita, da tabarau, da farar riga, ya yi karatu har ƙasar da ruwa ke daskarewa, bai san maganinsa ba. Amsar tana cikin wata ambulan da aka liƙe aka kulle a aljihun tebur, ba za a fasa ba sai an gama. Wai don kada idonsa ya yi son kai. Ni da ubana zai ji na tsaga mutum ban san garin maganin da zan cusa masa ba, da fatar wasa aska zai bi ni har kasuwa…

Sai aka zuba 'yan takardu a hular Sumaila, kowa ya sa hannu ya zara. Rabinmu kore a dama, ja a hagu. Rabinmu ja a dama, kore a hagu. Ni na zaro — kore a hagu.

Kwana tara. Kwana tara kacal ya ɗauke ni in san abin da aka kulle a tebur. Hagun ya lafa. Ƙaiƙayi ya kwanta, tsagar ta haɗe, fata ta fito sabuwa kamar ta jariri ranar suna. Dama kuwa yana nan kamar bayan kada. Na zauna a bakin ƙofa na ɗora su biyu a gwiwa ina dubawa. Hagu, Sala! Hannun buta. Hannun da ko tuwo ba a gayyatarsa. Shi ne zai warke ya bar yayansa, mai gaisuwa, mai cin abinci, mai riƙe aska? A wane gari ake haka? Gwangwanin ɗan mitsitsi ne, na hannu guda na mako guda, ba ya isar biyu ko za ki lallaɓa shi. To me na yi? Gyara na yi. Kuskuren hula na gyara. Kore ya koma dama inda ya dace da shi, ja ya koma hagu, ran Alhamis na mayar musu da gwangwanayensu wayam, a wanke tas, kamar mutumin kirki.

Ga Zuera can, lamba goma sha huɗu, ta naɗe hagunta a bakin mayafi. Kin san ta — mai koko da ƙosai ta bakin babbar kwata, wadda kike cewa tana rage miki ludayi. Shekara guda tukunyarta na kife. Wa zai sha koko daga hannun da ke zubar da ɓawo? Ita ma kore a hagu ta zara. A mako na uku na gan ta tana shafa hagun nan da ya yi kyau, tana kallonsa kamar ɗan wani da aka ba ta riƙo. Na ce, Iya Zuera, da wanne kike miƙa wa mutane ƙoƙo? Iyakar abin da na ce ke nan. Tambaya. Tambaya ma laifi ce yanzu?

Ita kuma ta gaya wa ta kusa da ita, ta kusa da ita ta… a'a. A'a, ƙarya nake, ke ma kin sani, kin san yadda muryata ke yi idan na sami masu sauraro. Ni na tara su. A gindin mangwaron bakin asibiti, bayan an sallame mu, mu goma sha ɗayan nan masu kore a hagu. Na miƙe, na gyara zaman hula, na yi musu bayani kamar limamin Juma'a. Na ce likitan yaro ne mai kirki, amma bai san darajar hannu ba, a gidansu da cokali ake ci. Suka yi dariya. Sala, dariya suka yi — mutum goma lokaci guda, saboda ni. Kin san rabon da…

Tun ranar suke ce min Sarkin Benci. Ana ajiye min wuri a tsakiya. Ana kawo min goro. Ana tambayata ko a wanke hannu kafin a shafa ko bayan, ko mai alwala ya sake shafawa. Ni kuwa ina amsawa, da me zan yi?

An kira goma sha ɗaya.

Abin da ya biyo baya, da kina nan da kin riƙe ciki. Hannun dama ashirin da biyu suka warke. Duka. Na waɗanda takarda ta ce kore, da na waɗanda takarda ta ce ja. Hagu ashirin da biyu suna nan yadda suke. Dokta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sake cirewa. Kowane mako abu ɗaya: ya ɗora hannunka a kan baƙin ƙyallen tebur, ya shimfiɗa takarda mai shara-shara, ya bi gefen kircin da fensir a hankali kamar mai zanen ƙasa, ya auna, ya ɗauki hoto. Hannu kawai. Kullum hannu. Mako goma sha biyu ina zuwa da gashin baki a murɗe, da kwalli, da turaren da nake ɓoyo tun bikin 'yancin kai, ko sau ɗaya bai ɗaga akwatin hoton nan ya kai fuskata ba. Can inda maganin ya fito za a buɗe littafi a ga hannun Osumanu a ce na wane ne wannan? Na goma sha bakwai. Ki duba zalunci.

Har Nima Dokta ya zo, da takalminsa mai ƙyalli, yana tsallake kwata, Sumaila a gaba. Wai yana so ya ga me muke yi da dama wanda ba ma yi da hagu. Ya tsaya ya kalli alwala. Ya leƙa kwanon tuwo ya tambaya manja ne a miyar ko man kaɗe. Ya rubuta. Wa aka nuna masa a kan wanda ya san fata a unguwa? Sai wa? Na shimfiɗa masa buzu, na yi masa awa guda cur a kan albarkar dama, tun daga shiga masallaci har sa takalmi, Sumaila na juyawa yana sharce gumi, shi kuwa yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Ya ce min na gode da Hausar aro. Ya sha ruwa a moɗata. A moɗata, Sala, wadda ko 'yan gidanmu suka gan ta a bakin randa sai su ɗauko tasu.

Ranar na yi dariya har… ban yi ba. Na so in yi. Ya tafi, na tsaya da moɗar a hannu, babu wanda zan ba labarin. Wayo irin wannan a ce babu mai ji? Bango na gaya wa. Zabirata na gaya wa, tana rataye a ƙusarta, asake bakwai a ciki, kowace na wasa ta da safe kamar akwai mai zuwa.

Makon jiya aka fasa ambulan.

Kore ne maganin. Na murɗa gashin baki, na bar su su kalle ni. Sai Sumaila ya ci gaba. Wai Dokta ya duba littafinsa: hannuwan da aka ba kore, rabi sun warke rabi ba su warke ba. Waɗanda aka ba ja, su ma haka. Ke nan maganin da man banza duk ɗaya. Hannun dama ne ke warkewa don kansa, ko don wani dalilin da bai gano ba tukuna. Zai rubuta wa waɗanda suka aiko cewa ba shi da amfani a nan, kada su sake aikowa. Babu sabon gwangwani. A dawo Alhamis mai zuwa a ɗauki hoton ƙarshe, ya sa hannu a takarda, kowa ya kama gabansa.

Alhamis mai zuwan ita ce yau.

Benci ya yi tsit ranar. Babu wanda ya dube ni. Wannan ne ma abin… mutum goma, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Da zagina suka yi, na san amsar zagi. Suna tsoro, na sani, duk wanda ya buɗe baki ya tona kansa. Kuma ai akwai sarki. Wa zai riga sarki magana?

Ko gwangwanayen ba a karɓa ba ranar. Koren yana nan a aljihuna. Na bi gindinsa da tsinin aska har ya yi ƙyalli. Kwana biyar babu komai a ciki, kuma tsakanin yatsun nan — a'a, ba sosawa nake ba, ƙuda ne na kora.

Goma sha uku.

A tashar Circle muka haɗu da Zuera yau, motar toro-toro ɗaya muka shiga. Tun daga can har nan ba ta ce min uffan ba, ita da ke iya ba ki labarin unguwa uku kafin ƙosai ya soyu. Sai da za mu sauka, ba ta ko waiwayo ba, ta ce:

"Wanzam, damana ya fara ƙaiƙayi."

Shi ke nan. Mako shida ke nan da ta ɗora tukunya. Mutane sun dawo, har layi ake yi, na gani da idona, na wuce ta can da gangan in ji ko za ta ce ga wanda ya… ba ta ce ba, tana cikin aiki. Amma ta ba ni ƙosai huɗu a ganye, hannu da hannu.

To ni ne na sa mata kirci? Ni na haife shi? Mako shida ta samu saboda ni. Da ta bi takarda, da hagunta ne ke ƙyalli, tukunya na kife. Wannan ba wanda zai faɗa. An fi son a ce Osumanu ya ɓata. Kullum Osumanu. Ke ma haka kike, ranar da na sayar wa Bayaraben nan ƙahon saniya na ce na ɓauna ne, kwana uku ba ki min magana ba, alhali mutumin har yau yana godiya…

Na tambayi Sumaila. Ba kai tsaye ba, ni ba yaro ba ne. Shekaranjiya na same shi yana cin wake da shinkafa a bakin hanya, na ce ina da wani aboki a Kumasi, shi ma ana irin wannan gwajin da shi, sai ya yi kuskure, kuskure fa, ya sauya hannu, ya kuma ba wasu shawara. In ya faɗa me za a yi? Sumaila ya daɗe yana tauna. Ya ce in likitan Kumasin irin nasu ne, zai yaga takardar da ya rubuta, ya roƙi a aiko sabon magani, a sake daga farko, a riƙa shafa wa mutane a asibiti a gaban ido. Na ce madalla, to abokin nawa fa? Ya ce dokar a rubuce take, na ji ta ranar farko: wanda ya karya, a cire sunansa. Waɗanda aka ruɗa, wataƙila a bar su. Wanda ya ruɗa su kuwa…

Bai ƙarasa ba. Damana ya tsura wa ido. Ya ce, "Baba, ka gaida abokin naka."

Ɗan Tamale! Da Hausarsa mai ɗingishi.

To ga shi nan, Sala, ki auna min tunda ke ce mai hankalin gidan. In na yi shiru, yau benci ya watse, kowa ya koma da kircinsa, amma ni ne dai Sarkin Benci, wanda ya riga likita gane magani. In na yi magana, benci na nan, kore na nan, kowace Alhamis za su taru su ashirin da ɗaya, a ba wani wurina na tsakiya — mai gadin kantin nan ma, wa ya sani — ni kuwa ina Nima da zabira, babu kore, babu Alhamis. Tsohon da ya ɓata wa likita aikin wata uku. Za a faɗa a masallaci. Za a kai Kumasi, ki ji a bakin mata, ki ce ai na san za a yi haka.

Kin san mece ce Alhamis a wurina? Ba ki sani ba. Ina za ki sani. Laraba nake wanke riga. In tashi da asuba in aske kaina da kaina, in murɗa gashin baki, in fita tsakar gida in ce musu yau ina da asibiti, kada a neme ni. Kada a neme ni! Sauran kwana shidan wa ke nemana?

An kira goma sha huɗu. Zuera ta miƙe. Ba ta dube ni ba. Gefen zanenta ya shafi gwiwata, ban san ko da gangan ba.

…Fuseini ma haka ya yi, bai dube ni ba. Fuseini tela na Mamobi, abokin shekara ashirin da biyar, 'ya'yansa biyar ni na yi musu askin suna, ni na yi wa mazan kaciya. Bara aka haifa masa jika. Ba a aiko min ba, na ce mantuwa ce, tsakanina da Fuseini ai babu aike. Ranar suna na ɗauki zabira tun da sanyin safiya. Na tarar da wani yaron wanzami daga Lagos Town a zaune a wurina, jaririn a cinyar kakarsa, an riga an jiƙa kan. Fuseini ya tare ni a ƙofa. Ya ce ka san halin mata, Wanzam. Ya ɗebo goro biyu — ya ajiye min a kan dakali. A kan dakali, in ɗauka da kaina. Na ɗauka. Har na yi addu'a, har na yi wa yaron gyara, na ce ya rage sauri a maɗiga. Ya ce to, Baba.

Shi ya sa da dama ya warke, Juma'ar farko na nufi sahun Fuseini. Ana sallamewa na miƙa masa. Ya karɓa, wallahi ya karɓa, ya riƙe, ya juya shi, ya ce masha Allah, Wanzam, kamar ba shi ba. Na ji daɗi har kunnena. Sai na ga idonsa ya gangara… can, hannun riga, inda na cusa ɗayan.

Na koma gindin bishiyata, inda nake aski a da, duk da haka. Na share, na shimfiɗa buzu, na jera asake a kan fata, sabulu, kaskon ruwa. Mako uku. Ana wucewa ana gaishe ni, sannu Wanzam, an dawo? An dawo. Sai a wuce. Mutum ɗaya ya zauna, wani ɗan dako baƙo da bai san kowa ba, jiya-jiya ya sauka daga arewa. Na jiƙa masa kai, na murza sabulu da dama, na ɗauko aska, ina ba shi labarin sarakunan zangon da suka durƙusa a gabana. Sai na fiddo hagu in kama kan — ya gani. Ya miƙe da kumfa a ka. Ya ce ya tuna ana jiransa a tasha. Da kumfa ya tafi, Sala, yana sharewa da hula. Na ƙwala masa kira ya dawo ko ruwa in zuba masa…

Goma sha biyar.

Jahilci ne kawai. Kirci ba ya yaɗuwa, Dokta ya faɗa, shi ko safar hannu ba ya sawa. Ya kama hannunka da nasa tsirara, ya danna, ya shafa da babban yatsa, ya tambaya nan da zafi? nan fa? Dama ba ya daɗewa a kansa yanzu, dubawa ɗaya ya ajiye. Hagun yake riƙewa. Ya riƙe, ya juya, ya kusanto da shi fuskarsa har in ji numfashinsa. Tafinsa da sanyi. Wani lokaci har ya manta yana riƙe da shi yana magana da Sumaila, ni kuwa ba na tuna masa…

Zuera ta fito. Tana sosa dama a jikin zane, a hankali, kamar ba ta so hannun ya sani. Ba ta tafi ba. Ta koma ƙarshen benci ta zauna. Me take jira? An gama da ita, ta tafi mana. Ga su nan duk waɗanda aka gama da su, babu wanda ya tafi, sun jeru a baranda kamar masu jiran a fito da gawa.

Ni me na yi in ba abin da kowa zai yi ba? Ki tara malaman Nima duka ki tambaye su wanne ne gaba, dama ko hagu. Ki tambayi ubana a kabarinsa. Shi da ya koya min riƙon aska, yana bugun damana da bayan wuƙa in na karkace, yana cewa sassauta, sassauta, aska ba a matse ta. Ɗayan hannun kuma ya kama shi ya ɗora a kan ƙwaryar da nake koyo da ita, ya ce wannan shi ne mai aikin, shi ke jin kan mutum, shi ke ja da fata, shi ke gaya wa mai tsoro ya kwantar da…

Wannan shi ne mai aikin.

Tsaya.

Dama ƙarfe yake riƙewa. Shekara talatin, ƙarfe — ƙotar aska, ƙaho, almakashi. Kan mutum fa? Wa ke tallafe ƙeya? Wa ke lanƙwasa kunne? Jaririn kwana bakwai, da kansa mai laushi kamar gwanda, a tafin wa yake kwanciya? 'Ya'yan Fuseini biyar… Ke ma. Lokacin da idonki ke ciwo nake sa miki kwalli, dama na riƙe da tsinken kwalli, haɓarki kuwa — haɓarki a hagu take zama. Ranar ƙarshe da na kai shi kika kau da fuska, kika ce bari, zan sa da kaina. Bayan kwana goma kika ce za ki Kumasi gaisuwa.

Hagu kika guje wa. Hagu ɗan dakon ya gani. Hagu Fuseini ya nema a hannun riga.

Hular Sumaila ta ba ni daidai. Takardar da na zara da hannuna… kwana tara, ya yi laushi, ya yi kyau, yana kan gwiwata. Da na bar shi. Da na bar shi kawai, da yanzu akwai kai a cikinsa. Ni na zauna a bakin ƙofa, da wayona, da gashin bakina, na ƙwace masa na ba mai riƙe ƙarfe don in je masallaci a ce masha Allah. Kuma na tara mutum goma a gindin mangwaro…

Goma sha shida. Mai gadin kanti ya shiga.

Ba zan faɗa ba. Me zai ƙara min? Ko na faɗa ba ni za a ba koren ba, hagun nan haka zai tsufa. Zuera ce za ta samu, da mai gadi, da matar nan ta Lagos Town mai wanki. Ni in tsaya a bakin kwata in sayi koko kamar kowa. Ko ƙosai huɗun ma ba lalle ba. A'a. In shiga, in ɗora hannu, a ɗauki hoto, in ce Dokta Allah ya saka, in fito in yi musu sallama irin ta sarakuna. Wa zai ce ban kyauta ba? Wa ya isa?

Tana sosawa har yanzu. Daga nan ina jin ƙarar farcenta a kan zane. Ko nawa ne?

"Goma sha bakwai. Baba Osumanu."

Na miƙe a hankali. Tsufa ne, ba komai ba. Hula daidai. Gashin baki daidai. Kada in dubi ƙarshen benci… na duba.

Warin maganin nan. Fanka na juyawa ba ta kawo iska. Baƙin ƙyalle, fensir, akwatin hoto a kan ƙafafunsa uku. Ga takardar a gefe, an buga ta da keken rubutu, alƙalami a kwance a kanta, bai sa hannu ba tukuna. Ya rame, yaron nan. Idonsa ya faɗa. Wata uku yana neman abin da ke cikin aljihuna. Ya yi min murmushi, ya ce sannu Baba da Hausar aronsa, ya miƙo hannuwa biyu — hagun ya fara ɗauka. Kullum shi. Tafinsa da sanyi. Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce wani abu a hankali. Sumaila ya ce wai ka yi haƙuri, ya so ya warkar maka da wannan, bai iya ba.

Shi ke ba ni haƙuri, Sala.

Dama ya shiga aljihu. Ban aike shi ba. Gwangwanin ya yi ɗumi, ba nauyi, kamar babu. Ga shi a kan baƙin ƙyalle, kore, wayam, yana ɗan juyawa kafin ya tsaya. Dokta ya dube shi. Ya dubi daman da ya ajiye shi. Bai saki hagun ba.

Sumaila ya gyara tsayuwa. Bai yi mamaki ba, ɗan banza, ko kaɗan.

"Baba, in ce masa me?"

In ce na kawo ne a karɓa, an manta makon jiya. Har yanzu zan iya cewa haka. Kalma biyar ce, na faɗi dubunta… Na gaji, Sala, na gaji da zama mai wayo ni kaɗai a ɗaki. Da zarar Sumaila ya juya maganar zai sake ni, na sani, zai ɗauke hannunsa ya kai kan takardar nan, daga nan kuma babu wanda zai sake…

Ka ce masa — tsaya tukuna. Ka ce masa kada ya saki hannun sai na gama.